Kabari Ɗaya a Tudun Aduwa

Ranar da wuta ta ci Kwarin Maje, da surfe na tashi. Na yi sallar asuba, na zuba gero a turmi, na yayyafa masa ruwa. Tsohon gero ne, ragowar ƙasan rumbu. Sabon yana gona, ya fi mutum tsawo, saura kaɗan a sa masa hannu. Maigidana yana kan tsani yana gyaran jinkar rumbu, yana ta ce min in miƙo masa igiya, kamar hannu huɗu gare ni. Sunansa ba zan faɗa ba, ku dai ce uban Sale. Uwarsa, Iya, tana cikin ɗakinta tana kaɗi. Idonta ya tafi tuni, amma yatsunta ba su manta mazari ba. Sale ɗanmu ya ɗauki lauje ya tafi yankan ciyawar rago. Shi kaɗai ya rage mana cikin haihuwa bakwai. Gemu ya fara tsiro masa, ya kuma fara bi ta hanyar rijiya ba gaira ba dalili, yana zaton ban gane ba.

Kwarin Maje tana arewa da Maigatari, a ɓangaren da Turawa suka ce na Faranshi ne. Mu dai ba a tambaye mu ba. Wata shekara aka zo aka kafa wani ƙarfe a daji, aka ce daga nan zuwa arewa na wannan Bature ne, daga nan zuwa kudu na Ingilishi. Tangaraho muke ce wa ƙarfen. Kasuwarmu ɗaya da mutanen kudu, muna aure a cikinsu suna aure a cikinmu, kuma bakin da suke zagi da shi, da shi muke zagi.

A shekarar nan Turawa na yaƙi da junansu can ƙasarsu, sai suka rasa 'ya'yan da za su kai wa mutuwa sai namu. Karon farko aka ce garinmu ya ba da samari biyu. Aka bayar. Ko hularsu ba ta dawo ba. Karo na biyu dattawan gari suka haɗa kai, suka aika da gurgu ɗaya da wani mai farfaɗiya. Suka dawo gindin durumi suna tafawa, wai sun yi wa Nasara wayo. Wayo! Mu mata da muke jin su ta kan darni mun san maganar ba ta mutu ba.

Da hantsi kurciyoyi suka tashi gaba ɗaya daga kan tsamiyar gabas. Jakin maƙwabcinmu ya yi kuka. Na tsayar da taɓarya. Na ji kofato, da yawa, da sauri, ba irin na fatake ba. Sai wata busa siririya mai tsini wadda ban taɓa ji ba. Sai harbi. Bindigar maharbanmu dum take cewa, ta yi hayaƙi, a tsaya a ɗura. Wannan tas-tas-tas take yi kamar ana karya kara, ba ta tsayawa.

"Ku fito! Kowa dandali! Ale, ale!"

Da Hausa ake ihun, kuma shi ne abin da har yau ban yafe ba. Baƙaƙe ne kamarmu, an ɗora musu jar hula, an naɗe musu ƙwauri da tsumma, sun ɗauka sun zama wani abu. Bature ɗaya ne tak. Bai ko sauka daga doki ba. Wani ƙato, wanda a ƙauyensu ƙila yana da mata da 'ya'ya, yana tsaye yana riƙe masa laima.

Aka kora mu da gindin bindiga. Iya ba ta fito ba. Uban Sale ya leƙa ya ce mata ta yi zamanta, ba wanda zai taɓa makauniya. Ya ja mata tufaniya ya rufe ƙofar.

A dandali tafinta ya ce a kawo samari. Maigarinmu ya durƙusa ya ce samari suna gona. Wani soja ya zabga masa mari. Rawaninsa ya faɗi ya warware a ƙasa, doki ya taka. Dattawan nan masu wayo kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Baturen ya yi hamma. Ya ɗaga bulala ya nuna rumbuna.

"Wuta!"

Rumbunan gabas suka cinna wa. Iska kuwa daga gabas take kaɗawa. Ko yaron goye ya san abin da zai biyo baya. Jinka ta kama jinka, darni ya kama darni. Hatsi na fashewa a cikin rumbu, fat, fat, fat. Awakin da ke ɗaure a turke suna ihu kamar mutane.

Uban Sale ya miƙe ya ruga wajen ɗakin uwarsa.

"Tsaya! Tsaya nan!"

Bai tsaya ba. Harbi ɗaya na ji. Ya faɗi a bakin darninmu, ya tashi, ya sake faɗuwa. Maƙwabcinmu, mijin Gwamma, ya zari fartanya ya yi kan wanda ya yi harbin. Shi a ƙirji aka same shi. Daga nan dandali ya watse, kowa ya yi ta kansa.

Na isa wurin maigidana a cikin hayaƙi. Cinyarsa ta dama ce, jini na bulbulowa. Ɗakin Iya ya riga ya zama wuta ɗaya daga ƙasa har ƙololuwa. Na kasa kunne ko zan ji muryarta. Wallahi na kasa, ban ji komai ba sai rurin wuta. Jinkar ta rufta a kan idona. Na kama shi ta hammata na ja shi cikin geron bayan gida. Na yage bakin zanena na ɗaure cinyar, na sake yagewa na ƙara.

Can Sale ya same mu, lauje a hannu, ido jawur. Zai wuce mu ya faɗa gari. Na cafke wuyan rigarsa. Na ce, "Don irinka aka kunna wutar nan. Je ka kai musu kanka, su ci riba biyu." Ya tsaya yana huci. Ya yar da laujen, ya durƙusa, ya goya ubansa.

Muka yi kudu a cikin gero. Geron da muka noma ba mu ci ba, shi ya rufa mana asiri. Ganyensa na yankar fuska, ƙaiƙayi na shiga ido. Ba mu yi nisa ba Gwamma ta riske mu da ɗanta Ilu, sa'an Sale, tare aka yi musu kaciya. Kanta ba ɗankwali. Ta ce ta bar mijinta kwance a dandali, ta rufe masa fuska da shi, iyakar abin da ta iya ke nan. Muka zama mu biyar. Samarin biyu suka riƙa karɓa-karɓa da goyon.

Rana tsaka muka ji dawakai a turbar da ke yamma da mu. Muka kwanta tsakanin kunyoyi. Uban Sale ya cusa bakin rigarsa a baki ya cije. Tururuwa ta sami jinin, tana bin ƙafarsa, ba halin kakkaɓewa.

"Ku fito! An yafe muku!"

Ji min 'yan banza. Wa zai yafe wa wa? Suka yi ta kira har muryarsu ta yi nisa. Azahar ta shiga ta fita, ba wanda ya yi salla a cikinmu. Muka tsinki gurji a gonar wani bawan Allah muka tsotsa, na matse wa mai rauni ruwan a baki.

Da la'asar gero ya ƙare, muka fito fili. Ga tangaraho a gabanmu. Ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Ƙarfe ne siriri, tsatsa ta ci gindinsa, wata akuya na susar haƙarƙari da shi. Wai in ka wuce wannan, mai jar hula ba shi da iko da kai. Na tofa masa yawu, muka wuce.

Ana kiran magariba muka shiga Tudun Aduwa. Ƙauye ne na ƙasar Gumel, tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar. Mai gari a wajensu Bulama ake ce masa. Mun san su, sun san mu. Ragon da Bulaman ya yi layya da shi bara, a hannun uban Sale ya saye shi a kasuwar Maigatari. Amma ranar nan ba wanda ya taɓa ganinmu. Mata na leƙe ta kan darni. Na ji wata ta ce, "'Yan Faranshi ne." Ni Kande, da aka binne cibiyata tafiyar rabin yini daga turminta, na wayi gari 'yar Faranshi.

Washegari da hantsi Bulama ya kira mu ƙofar gidansa. Gajere ne mai tumbi, rawaninsa ya fi ƙarfin kansa, bakinsa ja da goro. Ya tambayi kowa sunansa da sunan ubansa a gaban jama'a. Sannan ya zayyana mana dokar baƙunci. Baƙo a wajen shingen gari yake zama. Za a ara masa gona a ƙarƙashin ɗan garin da ya yarda ya tsaya masa. Ba ya dasa itace. Ba ya kafa rumbu, hatsinsa a rumbun mai masaukinsa zai zuba. Ba ya gina ɗakin ƙasa. Matarsa ba ta jefa guga sai matan gari sun gama. In ya yi damina uku a haka, ya biya haraji, ba a taɓa kai ƙararsa ba, sai Bulama ya kai shi gaban Hakimi a shaida ya zama ɗan gari. Kafin nan, in masu shi suka biyo sawunsa, ba ruwan Bulama.

"Baƙo raɓa ne," in ji shi, "ɗan gari kaba."

'Yan korensa suka ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Irin mutanen nan ne da ko atishawa ya yi sai su ce gaskiya ne. Damina uku! Mu da ba mu san inda za mu kwana gobe ba.

Aka nuna mana bukkoki biyu kusa da juji, inda wasu makiyaya suka tashi. Ba wanda ya aiko mana da ko ruwan wanke hannu, in ka cire wata Bafulatana mai tallan nono da ta ajiye mana ƙwarya guda ta wuce. Ni da Gwamma muka shiga gidaje muna surfe ana ba mu tsaba.

Ba a jima ba wani mahayi ya zo daga arewa, ɗan aiken sarkin da Faranshi suka ɗora mana. Yana jan wata goɗiya fara, an ɗora mata kantun gishiri. Ya shiga gidan Bulama da su, ya fito shi kaɗai da dokinsa. Kafin la'asar duk gari ya sani: bayan kasuwar Maigatari mai zuwa za a dawo da igiya a tafi da samarin da suka tsere. Ashe a wancan yaƙin Turawan biyu abokan juna ne. Ƙarfen da na tofa wa yawu bai tsare kowa ba. Na ce wa samarin su sulale su yi Kano, su bar mu. Bulama ya riga ni. A yinin nan ya ce Sale da Ilu su koma zaurensa, wai zai ba su aiki. Aikin shi ne zama, da mai sanda a bakin ƙofa.

Cinyar uban Sale kuwa ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari. Harsashin yana ciki. Zazzaɓi na kayar da shi yana tashinsa.

Sai ga abin mamaki. Uwargidan Bulama ta aiko da romon kaza, har da cinyoyin. Wani ya kawo zuma. Liman ya aiko da rubutu. Wanzamin gari ya zo ya yi masa ƙaho, ya ce ko tsinke ba zai karɓa ba. Bulama da kansa ya tako har juji, ya toshe hanci da bakin rawani, ya leƙo. "Yaya jikin baƙonmu? Allah ya tashi kafaɗa." Mutanen da suka hana mu ruwa shekaranjiya, yau su ne ke jerin gwano da kwanuka. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

A bakin rijiya na ji dalilin. Ina tsaye da gugana a gefe ina jiran 'yan gari su gama. Akwai wata tsohuwa da kunnenta ya yi nauyi, ba ta san muryarta na tashi ba. Ta ce wa 'yarta, "In mutumin nan ya mutu a nan, shi ke nan sun zauna. Ƙasa ba ta cin naka ta kore ka." Aka yi ta zungurinta da gwiwar hannu. Na yi kamar ban ji ba. Na ɗaukar mata tulu har gida, na yi mata niƙa, ta kwance min sauran.

Ashe ƙofar zama ɗan gari biyu ce, Bulama ɗaya ya nuna mana. Tun kakanninsu, duk wanda aka binne nasa a makabartar Tudun Aduwa, shi da mutanen gidansa sun zama 'yan gari a ranar, ba jiran damina. Dole a yanka musu gona ta gado a dajin gari. Kuma ɗan gari ba a miƙa shi ga kowa. Bulaman da ya yi haka, mutanensa da kansu za su kai ƙararsa Gumel a tuɓe masa rawani. Romon kazar ke nan. Ba ransa suke so ba, gawarsa suke tsoro. Tir da wannan alheri!

Da yamma Bulama ya dawo da sabuwar magana. A Gumel akwai wani tsohon wanzami da ke ciro harsashi tun zamanin yaƙe-yaƙe da Damagaram. Zai ba da jakinsa, da ɗan rakiya, da guzuri, duk don Allah. Na tambaya a gari, na tambayi Bafulatanar nan. Ba ƙarya ba ce. Akwai wanzamin, kuma mutane da dama sun tashi a hannunsa. In uban Sale ya warke, a Gumel ya warke. In ya mutu, a Gumel ya mutu. Ta kowace hanya Bulama ya ci goɗiyarsa lafiya.

Na faɗa wa maigidana duka biyun, na wanzamin da na makabartar. Ba mu saba ɓoye wa juna magana ba. Ya daɗe yana kallon saman bukka.

Ya ce, "Kande, na gaji da tafiya."

Na ce, "An ce hannun mutumin nan yana da kyau."

Ya ce, "Na ji. Ni ba neman mutuwa nake ba, Allah na gani. Amma ƙafata ba ta barin garin nan yaron nan yana zauren can. In Allah ya ga dama, ya tashe ni a nan."

Na ce, "To ni fa?"

Ya ce, "Ke ai kin fi ni baki. Za ki iya da su."

Na zagaya bayan bukka na yi kuka na ƙoshi. Ina so ya hau jakin nan, ina so ya zauna. Gaba kura, baya siyaki. Na ji haushinsa da ya zaɓa bai jira ni ba, na kuma gode masa da bai bar min zaɓin ba. Duka biyun na ji, kuma har yau ina jin su.

Talata da safe Bulama ya turo ƙarti huɗu da jakin, tunda lallashi ya ƙi. Na ɗauki taɓaryar da na aro na tsaya a bakin bukka.

"Kauce, 'yar Faranshi!"

"Wanda ya fara shigowa, uwarsa ta shimfiɗa tabarmar makoki!"

Daga ciki uban Sale ya ɗaga murya da kalimar shahada, da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba. Ya yi ta maimaitawa. Jama'a suka taru. Liman ya zo, wani siririn tsoho da ke tsoron Bulama, amma ya fi tsoron Allah da ɗan kaɗan. Ya leƙa ciki, ya fito. Ya ce mutumin da ke wannan hali ba a ɗora shi a jaki, kuma in ya cika a hanya, alhakin yana wuyan wanda ya ɗaga shi. Ƙartin suka dubi juna. Kowa yana so a ɗauka, ba mai so ya zama shi ne ya ɗauka. Suka ja jakinsu suka tafi.

Na aika a roƙi Bulama ya bar Sale ya zo ya ga ubansa. Aka ce yana aiki.

Laraba da walaha ya cika. Kansa na kan cinyata. A cikin gari wasu mata na lugude, ana jin taɓare uku suna bin juna. Ya nemi ruwa, na ɗiga masa. Hankalinsa ya koma gida. Ya ce, "Kande, miƙo min igiya." Na ce na miƙo. Ya ce, "An gama jinkar?" Na ce an gama, ta yi kyau. Bai ƙara magana ba. Na shafe masa ido. Luguden bai tsaya ba.

Bulama ya ce a haƙa masa nan bayan juji, ai baƙo ne. Liman ya ce, "Musulmi ne, ranka ya daɗe. Makabarta ɗaya gare mu." Ƙasa yake kallo, amma ya faɗa, kuma a gaban mutane ya faɗa. Dole aka saki Sale, don ɗa ne ke saka ubansa a kabari. Kafin azahar aka sallace shi. Mutanen da suka yi ta addu'ar ya warke su suka ɗauki makara, fuska a murtuke, kamar su aka yi wa mutuwar. In ka duba kuwa, su aka yi wa.

Gwamma ta zauna kusa da ni a tabarma. Ba ta yi min gaisuwa ba. Can ta ce a hankali, "Da na sani, da na sa Ilu ya goyo gawar ubansa."

Da la'asar na tashi, da takabata da komai, na tafi ƙofar Bulama. Mata na salati wai mai takaba ta fito. Na durƙusa na ce Ilu ma ɗan mamacin ne, wata matar ce ta haifa masa, Gwamma riƙo kawai ta yi. Bulama ya yi murmushi, ya tofar da tukar goro. Ya ce, "Washegarin zuwanku na tambayi kowa sunan ubansa a gaban jama'a. Kin zaci don zumunci na tambaya?"

Alhamis aka ci kasuwar Maigatari. Juma'a da hantsi suka iso. Dogaran sarkin can ne, ba masu jar hula ba, don kada a ce soja ya ƙetare ƙarfe. Igiya na rataye a sirdin kowa.

"A fito da su!"

Aka fito da Ilu. Aka ɗaure masa hannu ta gaba, aka ɗaura igiyar a sirdi. Babbansu ya nuna Sale da bulala, yana tsaye kusa da ni.

"Wancan fa? Biyu aka ce."

Bulama ya gyara rawani, ya turo ƙirji. "Wannan namu ne. Ɗan Tudun Aduwa ne. Ga kabarin ubansa can, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Mu nan ba ma ba da ɗan gari."

Jama'a suka ɗauka, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!" Wallahi har da masu ɗaga sanda. In ka gan shi a lokacin sai ka rantse shi ya haifi yaron. Goɗiyar nan fara tana ɗaure a bayansa tana cin harawa.

"Mu tafi! Ja shi!"

Sale ya yunƙura zai bi abokinsa. Na sake cafke wuyan rigarsa. Ilu sau ɗaya ya waiwayo. Gwamma ta bi dawakan a ƙafa, kai ba ɗankwali, kamar yadda ta zo. Wani makiyayi ya ce ya gan ta da azahar ta wuce tangaraho tana bin sawunsu. Iyakar labarinsu da na taɓa samu ke nan.

Bayan sadakar bakwai Bulama ya yanka mana gona a dajin yamma, aka dasa gamba a kan iyaka. Aka ba mu fili a cikin shinge. Ba wanda ya sake ce mana damina uku. Sale ya kafa rumbu, ya yi masa jinka da hannunsa, ta fito a karkace, don ubansa bai gama koya masa ba. Na dasa tsamiya a ƙofar gida. Ranar da na fita takaba na tafi rijiya na jefa gugana a tsakiyar nasu. Wadda ta fara ce min 'yar Faranshi ita ta matsa min, ta ce, "Sannu da fitowa, Yaya Kande." Na ja ruwana na tafi.

Yanzu tsamiyar ta yi inuwa. Sale ya auri 'yar gari, sun haihu, shi ake kira in za a raba gardamar iyakar gona. Bara wasu suka sake kwararowa daga arewa, gudun aikin dole, aka ajiye su a bukkokin bayan juji. Na je rijiya na tarar da surukata tana ce wa wata a cikinsu, "Ku 'yan Faranshi ku jira mu gama." Na karɓi tulunta na juye ruwan a tulun baƙuwar. Ta kai ƙarata wajen mijinta wai tsufa ya fara taɓa ni. Sale ya ɗauki fartanya ya fita.

A Kwarin Maje na bar kabarin uwata da na ubana da na 'ya'yana shida, ba su tsare mana ko ɗaki ɗaya ba. Iya ba ta da kabari. Mijin Gwamma ban san ko an binne shi ba. Mu biyar muka wuce ƙarfen nan. Biyu sun koma, ɗaya a ɗaure, ɗaya tana bin sa. Biyu aka ce mana 'yan gari. Na biyar yana makabarta, kuma mata ba sa shiga makabarta, don haka har yau ban ga wurin ba. Sale ya ce yana gefen gabas, kusa da wata aduwa. Ya ce ruwan damina ya daidaita shi da ƙasa tuni.